Rariya da Wasiƙun Alhaji Mai Ƙaho

Ku da kuke zaune kuna danna waya da babban yatsa kuna cewa "ai an tura", ku ajiye ta tukuna ku saurare ni. Tura wasiƙa ba sana'a ba ce, ko akuya ta taka madannin nan sai ta tura. Sana'ar ita ce wasiƙar ta sauka a gaban mutumin da aka rubuta wa, ya buɗe ya karanta. A tsakanin aikawa da saukar nan na ci abinci shekara ashirin da ɗoriya, kuma a nan na ga tashin hankalin da har yau ban manta da shi ba.

Na fara aikin ne a shekarar da soja suka koma bariki, a wani shagon buga takardu da ke bayan layin dogo a nan Agege. Mai shagon Anti Rifkatu ce, mutuniyar Kafanchan, wadda ta daɗe tana sakatariya a wani kamfani a Ikeja kafin a sallame su. Da abin da aka ba ta ta sayo tsofaffin kwamfutoci huɗu, da injin faks, da janareta mai tari kamar tsohon mashayi. Ni lokacin shekaruna ashirin da bakwai, na yi kwandastan danfo, motar hayar Legas, har muryata ta dishe, na ce a'a, gara in koyi aikin zama. Wata shida na yi ba ta bar ni na taɓa intanet ba. Buga takarda kawai, da goge ƙura, da koyon Turancin ofis. In na yi kuskure ɗaya a layi, sai ta yage takardar a gabana ta ce, "Oya, sake."

Intanet ɗin ma ba irin naku ba ne. Layin tarho ɗaya gare mu. In za a shiga sai na'urar ta yi ta ƙara kamar an taka wa kyanwa wutsiya, kowa ya yi shiru yana addu'a, sannan ta kama ko ta ƙi. In wani ya ɗaga kan tarho a kuskure, shi ke nan, komai ya yanke. Wasiƙunmu a faifan fulofi muke adana su, fulofin kuwa in ya ji danshin damina sai ya mutu da duk abin da ke cikinsa.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne rariya. Haka muke kiranta a shago. Can ƙasashen waje, kafin wasiƙar imel ta shiga akwatin mutum, akwai abin da aka kafa yana tace su. Wadda ta yi masa kama da ta 'yan damfara ko ta masu cika mutane da talla, sai ya watsa ta kwandon shara, mai akwatin ma bai san ta zo ba. In kuma adireshinka ya cika ɓata musu rai, sai a sa sunansa cikin baƙin jeri, daga nan ko gaisuwar Sallah ka aika ba za ta shiga ba. To mu kuwa daga Legas muke aikawa, a lokacin da 'yan 419 suka riga suka ɓata wa kowa suna. Wake ɗaya ke ɓata gari, balle buhu guda. Anti ba ta yarda ko ɗaya daga cikinsu ya zauna a shagonta ba. In ta ga saurayi ya shigo da fulofi cike da adireshi yana rufe allon da kafaɗa, sai ta kashe masa kwamfutar daga bango. Mun sha jin an tsayar da mota a ƙofar wani kafen intanet an kwashe kowa, mai laifi da mai neman makaranta, har da kwamfutocin.

Ita ta koya mini yadda ake lallaɓa rariya. Kada ka rubuta da manyan baƙaƙe. Kada ka ce gaggawa, kada ka ce sirri, kada ka ce amana. Kada ka ambaci ubanka, balle ka ce ya rasu. Ka kira mutum da sunansa, ka faɗi abin da kake sayarwa a layin farko. Kada ka jera mutum hamsin a wasiƙa ɗaya. Goma za ka aika, ɗaya bayan ɗaya, ka tashi ka sha ruwa, ka dawo ka aika goma. Adireshin da wasiƙa ta dawo daga gare shi, ka soke shi a littafinka nan take, don rariya tana lura da mai ƙwanƙwasa ƙofar kango. Wanda ya ce ka daina aiko masa, ka daina, ko da kana ganin gobe zai saya. Sannan muna da akwatunan gwaji guda biyu, irin na kyauta da ake buɗewa a can waje. Kowace wasiƙa sai na fara aika wa kaina ita. In ta sauka a akwati, madalla. In ta faɗa shara, sai in zauna ina cire kalma ɗaya-ɗaya ina sake gwadawa, wani lokaci tun hantsi har azahar.

Babban aikina na farko shi ne na Alhaji Ɗanjuma Mai Ƙaho. Abokin mahaifina ne tun suna samari, kuma shi ya tsaya a kan jana'izar mahaifin nawa. A mahautar Oko-Oba duk ƙahon saniyar da aka yanka a ɓangarensu, wurinsa yake zuwa. Yaransa su buge ƙashin ciki, su wanke, su shanya, su ware fari daban, baƙi daban, mai ruwan zuma daban. Da can wasu 'yan tsakiya ke saye a hannunsa da arha su fitar waje, inda ake yin maɓallin riga da matajin kai da shi. Da ya ji an ce akwai hanyar da zai yi magana da masu masana'antar kai tsaye, sai ga shi a shago da babbar riga, ya zauna a kan bencinmu ya ce in rubuta.

Ya fara da sallama. Ya tambayi lafiyar Baturen da za a aika wa, da ta iyalinsa, da ta ma'aikatansa. Ya ce shi ne Alhaji wane ɗan marigayi Alhaji wane, ya je Makka sau uku, shi mutum ne mai riƙon amana, kuma yana so wannan magana ta tsaya tsakaninsu. Ina bugawa, Anti tana tsaye a bayana tana karantawa. Da aka gama sai ta ce, "Alhaji, wannan wasiƙa zai mutu a hanya."

"Don me?"

"Don haka ɓarayi suke rubuta nasu, kalma da kalma."

Alhaji ya juyo ya dube ni. "Sabi'u, me matar nan take cewa? Gaisuwar ce ta zama sata?"

Na yi ta ba shi haƙuri. Na rage wasiƙar ta koma layi shida: sunan kamfani, irin ƙahon, tsawonsa, launinsa, yawan da za mu iya lodawa a wata, da lambar faks. Da na karanta masa da Hausa sai ya ce, "Wannan ai ko yaron gidana ba zan aika masa haka ba. Kamar ana faɗa." Amma ya bari. Muka je wani kamfanin intanet a Ikeja aka buɗe masa adireshi da sunan kasuwancinsa, na cike takardun da hannuna. Na tattara adireshin masu yin maɓalli daga wani tsohon kundin 'yan kasuwa da Anti ta taho da shi daga ofis, na yi ta aikawa goma-goma. A sati na uku amsa ta zo daga wata masana'anta a Indiya. Suka nemi samfuri, aka aika, suka yaba. Kafin shekara ta zagayo kwantena tana tashi daga Oko-Oba zuwa tashar jirgin ruwa ta Apapa a kai a kai, kuma wasu masu saye biyu sun ƙaru. Duk farkon wata nakan aika wa jerinmu takardar kayan da ke ƙasa. Alhaji ya shiga gaya wa mutane cewa ɗan abokinsa yana magana da Indiya daga bayan layin dogo, har mahauta suka fara kawo mini nasu ayyukan.

Muguwar shekarar ita ce dubu biyu da biyu, da damina. Na aika takardar wata kamar kullum, shiru. Na ce wataƙila suna hutu. Bayan sati na sake rubuta wa mutumin Indiya shi kaɗai, shiru. Sai na aika wa akwatin gwajina daga adireshin Alhaji. Ta faɗa shara. Na cire kalma, ta faɗa shara. Na cire layi, ta faɗa shara. Daga ƙarshe na rubuta kalma ɗaya tak, gaisuwa kawai, ita ma shara. Nan na san ba wasiƙar ce aka ƙi ba, sunan ne. Kwana biyu bayan haka wasiƙun suka fara dawowa gaba ɗaya, kowace da 'yar takardarta ta Turanci cewa ba a karɓar saƙo daga wannan adireshi. Na gwada faks, ya shiga, ba amsa. Na rubuta wa mutumin Indiya daga akwatina na kyauta, nan ma ba amsa.

Na bi duk dokokin Anti ɗaya bayan ɗaya ban ga wadda na karya ba. Ita ma ta zauna ta duba duk abin da ya fita daga kwamfutata tun farkon shekara, ta ce, "Ban ga laifinka ba, amma ruwa ba ya tsami banza."

Shi kuwa ƙaho ba ya jira. Kullum ana yanka, kullum ana kawowa, tulin yana hawa. In ruwa ya dake shi rana ta dake shi sai ya fara tsagewa, ga wani ɗan baƙin ƙwaro da ke huda shi, wanda ya huda kuwa ya tashi daga maɓalli sai dai a ƙona. A cikin wannan hali sai wani dilan ƙaho na Ketu ya loda kwantena, aka ce Indiya za ta. Kuma wani ya ce ya gan ni da shi a tashar Ojota muna gaisawa har da dariya. Gaskiya ne mun gaisa, danfo ɗaya muka shiga. Amma kun san bakin kasuwa. Kafin kwana uku magana ta zama Sabi'u ya sayar da mutumin Alhaji.

Ran Litinin da safe aka aiko in je Oko-Oba. Na hau okada na tafi. Ku da ba ku taɓa shiga mahautar da damina ba, ba za ku gane ba. Taɓo ya gauraya da jini, masu ɗaukar nama suna gudu da cinyar sa a ka suna ihu a ba su hanya, ungulaye sun jeru a kan kwano. Ranar duk wanda na saba gaisawa da shi sai ya ga yana da aiki a wani gefen. Wani mahauci da na rubuta wa ɗansa takardar neman makaranta kyauta, ya dube ni ya ci gaba da wasa wuƙarsa bai amsa sallamata ba.

Alhaji yana zaune a rumfarsa, tulin ƙahon a bayansa ya kusa kai kwano, wari kuwa ba a magana. Akwai dattawa kamar shida tare da shi. Na durƙusa na gaishe su. Ya ɗauko ƙaho ɗaya, fari, dogo, ya miƙo mini. Na juya shi, sai ga huda-huda kamar an bi shi da allura.

"Ka gani?"

"Na gani, Alhaji."

"Wata biyu kana ce mini rariya. Ni ban san rariya ba sai ta tankaɗe. Shekara biyu wasiƙa tana wucewa, sai yanzu da mutumin Ketu ya fara lodi ta toshe? Sabi'u, ni na sa ubanka a kabari da hannuna."

"Wallahi Alhaji..."

"Ajiye wallahinka, akwai ranarta. Nan da Juma'a, ko ka kawo mini amsar mutumin nan, ko bayan an sauko ka dafa Alƙur'ani a gaban jama'a ka ce ba ka ci amanata ba. Tashi ka je."

Ku fahimci abin da nake tsoro. Ba duka ba ne, ba kuma wuƙa ba, ko da yake na gan su da yawa ranar. Ni a Agege aka haife ni. Ba ni da wani ƙauye a Arewa da zan ɗauki jaka in koma; in na je Kano ma dariyar Hausata suke yi. Kuma shekarun nan garin ba kwanciyar hankali, yau ka ji an rufe kasuwa a can, gobe ka ji ana gudu a nan. In abu ya tashi, gidajen irin su Alhaji ake shiga a rufe ƙofa, a ƙirga kai, a ce wane bai shigo ba a je a nemo shi. Wanda aka sa wa sunan maci amana ba mai ƙirga shi. Ina da mata da jaririya a ɗaki ɗaya. Rantsuwar kanta ma tsoronta nake ji, ko da ina da gaskiya, don ban san me ya faru ba. Na riƙa tunanin ko na yi wani kuskuren da ban sani ba, ko na bar takarda a tebur wani ya kwafi adireshin mutumin Indiya, in je in dafa Littafi a kan abin da ba ni da tabbas.

Talata na wuni ina faks da neman layin tarho zuwa Indiya. Sau ɗaya ya shiga, wata mata ta ɗauka, da ta ji na ce Legas sai ta ajiye. Laraba Anti ta ce in bar shagon in tafi Ikeja wurin waɗanda suka buɗe mana adireshin, kada in dawo sai na ga injiniya ido da ido. Na zauna a bencinsu tun safe sai wajen azahar aka shigar da ni. Wani saurayi ne Bayerabe mai tabarau. Da na faɗi sunan adireshin sai ya ajiye biro, ya yi mini irin kallon da ake yi wa ɗan 419.

"Kai ne mai wannan? Dama muna nemanka. Ƙorafi ya yi yawa daga waje. Kana aika wasiƙa ɗari-ɗari a rana."

Na ce masa da Yarabanci, don ya san ni ɗan gari ne, "Oga, goma-goma nake aikawa, sau ɗaya a wata."

Sai ya juyo mini da allon. Ashe akwatin yana da wata ƙofar. Ni a kwamfutar shago nake aiki, abin da na aika a nan yake zama, shi muka duba da Anti. Amma duk mai adireshin da lambar sirrinsa zai iya shiga daga kowane kafe a duniya ya aika, kuma wannan ba ya bayyana a wurina. A can wurinsu yake taruwa. Ya yi ta gangarawa da allon, wasiƙu ba sa ƙarewa. Duk da manyan baƙaƙe. Na karanta ta farko: ni ne Alhaji Isufu ɗan marigayi wane, baƙon Alhaji Ɗanjuma, mutum mai amana, ina da albasa da ƙaro masu yawa, a amsa da gaggawa. Ta biyu citta. Ta uku riɗi. Wata gawayi, wata dabino. An aika wa masu maɓalli, da asibitoci, da makarantu, da duk wanda aka samu. Mutumin Indiya kaɗai an aika masa fiye da yadda zan iya ƙirgawa, don sunansa na cikin akwatin.

Na san Isufu. Mutumin Nijar ne, daga wajen Tawa, yana kawo shanu da albasa, kuma a gidan Alhaji yake sauka. Sauran sunayen ma duk na san su. Ba ɓarawo ko ɗaya a cikinsu. Kowa ya je kafe a Ketu ko Ojota, ya faɗi wasiƙarsa irin yadda Alhaji ya faɗi tasa ranar farko, mai kafen ya buga masa yadda ya ce, ya ƙara masa da fulofin adireshi.

Injiniyan ya ce sunan ya riga ya ƙone, ba mai wanke shi, kuma sunana ne a takardun. Na roƙe shi ya buga mini guda ashirin a takarda. Na fito da su a hannu, a ƙalla yanzu na san zan iya dafa Alƙur'ani.

Ran Alhamis bayan la'asar na sami Alhaji a gida. Na jira har baƙinsa suka fita, don ban so in faɗa a gabansu. Na shimfiɗa takardun a kan darduma, na karanta masa ɗaya bayan ɗaya da Hausa. Na ce, "Alhaji, wa ya ba su lambar sirrin?"

"Ni mana," ya ce, ko gezau. "Ba kai ka rubuta mini ita a takarda ba, da na ce in ka mutu fa? Na sa an kwafa musu."

"Alhaji, don me?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi don me ake cin abinci. "Baƙina ne. Shekara talatin baƙo yana sauka a gidan nan, ya ci tuwona, ya sayar da shanunsa da sunana. Ba wanda ya san shi a Legas, ni aka sani. In ya ci bashi ni ake kamawa, in an cuce shi ni nake tsayawa. Maigida ke nan. Yanzu na sami ƙofa zuwa ƙasar waje, sai in rufe in ce tawa ce ni kaɗai? Me za a ce da ni?"

Na ce, "Alhaji, a nan in baƙo ya zo da sunanka daraja yake samu. A can, suna ɗaya yau ƙaho, gobe albasa, jibi gawayi, kowace wasiƙa da wani marigayin uba daban, ba abin da suke gani sai damfara. Rariya ba ta san maigida ba. Shi ma mutumin Indiya abin da ya gani ke nan. Ba sayar da shi aka yi ba, tsoro ya ji ya gudu."

Ya ɗauki takardar Isufu ya riƙe, ko da yake ba ya karanta boko. Can sai ya ce, "Su wa suka ga waɗannan?"

"Ni, da Anti, da injiniyan Ikeja."

"Bar su nan. Gobe ka zo masallaci."

Na fito kamar an sauke mini buhun gishiri. Har tsire na saya wa matata a hanya.

Juma'a na yi wanka na sa farar riga. Bayan an sallame jama'a ba su watse ba, don kowa ya ji labari. Mahauta, dillalan shanu, masu fata, baƙin Alhaji, har Isufu yana sahun gaba da rawaninsa, bai san hawa ba bai san sauka ba. Liman ya sa an ɗauko Alƙur'ani a cikin gafaka. Na sake alwala a gaban kowa, na zo na tsaya. Wallahi ɗokin rantsuwar nan nake yi.

Sai Alhaji ya miƙe ya ɗaga hannu.

"Jama'a, a mayar da Littafin. Na kwana ina tunani. Yaron nan ɗan aminina ne, ubansa yana ƙasa. Ba zan sa shi ya dafa Alƙur'ani a kan ƙaho ba. Abin da ya faru ya faru. Na yafe masa, duniya da lahira. Kada in ji wanda ya sake tayar da maganar."

Wuri ya ɗauki "Allahu Akbar" da "Allah ya saka da alheri, Alhaji." Ni kuwa kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na ce, "Alhaji, a bar ni in rantse." Ba wanda ya ji. Na ɗaga murya, "Don Allah a bar ni in rantse!"

Liman ya ce, "Kai, wane irin yaro ne kai? An yafe maka kana neman jafa'i? Yi godiya."

Na dubi Alhaji. Bai dube ni ba, carbinsa yake kallo. Wani hannu mai nauyi ya danna kafaɗata daga baya, na ji ni a durƙushe. Na buɗe baki in faɗi sunan Isufu, na ga dattijon yana share hawaye don tausayin halin kirkin maigidansa. Na ce na gode.

Da na koma shago na gaya wa Anti, sai ta bugi tebur. Ta ce in koma Ikeja a sake bugo takardun in liƙa a ƙofar masallaci. Na ce mata wa zai karanta? Kuma ko an karanta, wanda ya tsaya a gaban jama'a ya tona asirin maigida bayan an yafe masa, laifinsa ya zama biyu. Ta ce, "Ku Hausawa da kunyanku, zai kashe ku wata rana."

Ƙahon nan a ƙarshe masu ƙonawa suka kwashe shi a tifa. Alhaji ya koma sayar wa 'yan tsakiya, bai sake ambaton intanet ba, baƙinsa kuma ba wanda ya taɓa gaya musu komai. In mun haɗu yakan amsa gaisuwata da fara'a, har ya tambayi jaririya. Da Sallah ya aiko mini da cinyar rago. Amma daga Oko-Oba ko takardar suna ba a sake kawo mini ba. Sauran shekarar duk sanda na ji ana gudu a titi, sai in kulle ɗakina da iyalina mu zauna mu kaɗai, ban taɓa gwada ƙofar kowa ba. Da Yarabawa masu kashu da Inyamurai masu kayan mota na ci gaba da sana'a, kuma tun daga ranar duk wanda na buɗe wa adireshi sai na zaunar da shi na gaya masa cewa wannan ba rumfar kasuwa ba ce da ake ara wa ɗan'uwa.

Alhaji ya daɗe da rasuwa. Na je jana'izarsa, na sa kafaɗa a makara kamar kowa. Muna fitowa daga maƙabarta wani tsohon mahauci ya taɓa ɗansa, ya nuna ni da haɓa, ya ce, "Ka ga wancan mai tabarau? Shi ne wanda marigayi ya yafe wa."